Fiya-fiya Da Gubar Yaƙi Dangin Juna Ne

Duk shekara idan kaka ta yi, manyan motoci sukan ɗauki wake da masara da doya daga kasuwannin Jihar Neja, tun daga Kure da Gwadabe a cikin garin Minna har zuwa Beji da Mariga da Kwantagora, su bi ta Mokwa, su ƙetare gadar Jebba, su je su sauke a Bodija ta Badun da Mile 12 ta Ikko. Waɗanda ke tarbar kayan nan a can, su sauke, su auna, su sayar, da yawansu 'yan Arewa ne mazauna Kudu. Da su da iyalansu kuma suna cikin masu fara cin waken nan a ƙosai da alale da garau-garau. Saboda haka duk abin da aka zuba wa buhun wake a sito kafin ya hau mota, maganarsu ce tun kafin ta zama ta kowa.

Sanin kowa ne cewa ƙwaro ba ya barin wake ya huta. In aka ajiye shi ba kariya, cikin 'yan watanni sai ya huhhuje ya koma gari, dukiyar mutum ta salwanta. Tsoron wannan hasara shi ya sa waɗansu masu ajiya, a Arewa da Kudu baki ɗaya, suka ɗauki al'adar yayyafa wa wake maganin ƙwari irin su Sniper da fiya-fiya, wanda a Kudu ake kira ota-piapia. Da wannan kwalba ɗin ne kuma ake feshe ɗakin kwana saboda sauro da kuɗin cizo da kyankyaso. Sinadarin da ke kashe ƙwarin sunansa dikulobos, shi ne ake rubutawa DDVP a jikin kwalba. Abin da akasarin masu amfani da shi ba su sani ba shi ne, gidansu ɗaya da iskar gubar da ƙasashen duniya suka taru suka haramta a fagen yaƙi, kuma hanya ɗaya suke bi wajen kashe mai rai.

Wannan dangantaka tana da tarihi. Cikin watan Disamba na 1936 wani masanin haɗa magunguna Bajamushe, Gerhard Schrader, yana aikin neman sabon maganin ƙwarin gona a kamfanin IG Farben, sai ya ci karo da wani sinadari da ya wuce duk abin da yake nema. 'Yan makwanni bayan haka ɗigo kaɗan ya zube a kan teburin aikinsa, nan da nan ƙwayar idonsa da ta mataimakinsa suka tsuke, numfashi ya riƙa yi musu wuya. Sojojin Jamus da suka sami labari sai suka karɓe binciken suka mai da shi asirin yaƙi. Wannan guba ita ce tabun. A 1938 Schrader da abokan aikinsa suka gano sarin, wadda ta fi ta muni. Daga wannan gida ne dai magungunan ƙwari masu yawa suka fito bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har da dikulobos, wanda ya shiga kasuwa a farkon shekarun 1960.

Yadda suke aiki a jiki ba shi da wuyar fahimta. Ƙwaƙwalwa takan aika wa tsoka umurni ta hanyar jijiyoyi, tsokar ta motsa, sa'an nan wani sinadari da ke cikin jiki, wanda likitoci ke kira kolinestares, ya zo ya share saƙon domin tsokar ta saki ta huta. Sarin da dikulobos duk wannan mai shara suke ɗaurewa. In aka ɗaure shi sai saƙo ya yi ta taruwa ba mai kwashewa. Ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, miyau da hawaye da gumi su ɓalle, amai da zawo su biyo baya, jiki ya ɗauki karkarwa, ƙirji ya cika da majina. In abin ya yi yawa tsokar numfashi ta gaji ta tsaya. Haka ƙwaron wake yake mutuwa, haka kuma mutum yake mutuwa. Bambancin yana ga ƙarfin gubar da kuma yawan abin da ya shiga jiki.

Duniya ta ga abin da manyan gidan nan suka aikata. Ran 16 ga Maris, 1988, jiragen saman Iraƙi suka zuba wa garin Halabja na Kurdawa iskar guba, mutane wajen 5,000 suka hallaka, da yawansu mata da yara. Ran 20 ga Maris, 1995, 'yan wata ƙungiyar asiri suka saki sarin cikin jiragen ƙasa na ƙarƙashin birnin Tokiyo a Japan, mutane fiye da goma suka mutu, dubbai suka jikkata. Cikin Agusta, 2013, aka sake yin amfani da sarin a yankin Guta kusa da Dimashƙa, ɗaruruwa suka rasu cikin dare ɗaya. Yarjejeniyar haramta makamai masu guba, wadda aka fara sa wa hannu a birnin Faris cikin Janairu, 1993, ta fara aiki ran 29 ga Afrilu, 1997, ƙasashe 193 kuma suka shige ta. Nijeriya ta sa hannu tun 1993, ta tabbatar da ita a 1999. Cikin Yuli, 2023, hukumar da ke kula da yarjejeniyar daga birnin Hague na ƙasar Holan ta ba da sanarwar cewa an gama lalata dukkan makaman da ƙasashe suka bayyana suna da su, fiye da tan 72,000.

Aikin lalata tarin guba irin wannan ya ɗauki shekaru, kuma kusa da garuruwan mutane aka yi shi. Tilas aka amsa wata tambaya tun kafin a buɗe ganga ɗaya: nawa ne mutum zai shaƙa bai cutu ba? Amsar da masana suka bayar ita ce darasin da ya kamata ya iso kasuwannin Minna da ɗakunan haya na Agege da Sabo, domin hanyar awon ɗaya ce, ko a kan sarin ko a kan fiya-fiya.

Abu huɗu ake dubawa. Na farko ƙarfin gubar ita kanta. Na biyu ƙofar da ta bi ta shiga jiki, ko hanci, ko baki, ko fata, domin dangin gubar nan sukan ratsa fata ko da babu rauni. Na uku yawan abin da ya shiga da tsawon lokacin da aka ɗauka ana shaƙa. Fritz Haber, Bajamushen da ya shugabanci sakin iskar kulorin a kan sojojin abokan gaba a Ypres ta ƙasar Beljiyam cikin Afrilu, 1915, da sunansa ake kiran ƙa'idar da ta nuna cewa guba kaɗan da aka daɗe ana shaƙa tana iya yin ɓarnar da guba mai yawa ke yi cikin ɗan lokaci. Na huɗu shi ne wanda gubar ta samu, domin abin da ƙato zai ɗauka ya kwana lafiya yana iya kwantar da jariri ko tsoho ko mai ciwon asma.

Wajen tsai da iyaka, bisa al'ada akan gwada sinadarin a kan dabbobi har a gano adadi mafi yawa da bai yi musu wata illa ba. Sai a raba wannan adadi gida goma, saboda mutum ba ɓera ba ne, mai yiwuwa ya fi shi rauni ga wannan guba. A sake raba abin da ya fito gida goma, saboda mutane ba ƙarfinsu ɗaya ba. Watau kashi ɗaya cikin ɗari na abin da bai cuci dabba ba shi ake bar wa mutum. Inda aka sami bayani daga jikin mutane kai tsaye, sai a wadatu da rabon na biyu kawai. Wannan rata da ake bari da gangan ita ce katangar da ke tsakanin jama'a da kuskuren masana, domin su ma sun san awonsu ba ya rasa gibi.

Domin ranar haɗari kuma, hukumomin Amurka sun shata matakai uku. Mataki na ɗaya shi ne adadin da zai sa mutum ya ji ba daɗi, amma ya warware da zarar ya bar wurin. Na biyu shi ne wanda zai bar masa lahani mai daɗewa, ko ya hana shi iya gudu ya tsira. Na uku shi ne wanda ke iya ɗaukar rai. Kowane mataki an yi masa lissafi a kan lokaci biyar: minti 10, minti 30, awa 1, awa 4, da awa 8. Da wannan ne jami'in agaji zai san ko ya kwashe mutanen unguwa, ko ya ce su rufe ƙofa da taga su zauna a ciki.

A 2003 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sabunta iyakar sarin a cikin iska. Miligiram ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na giram, kuma akan auna shi ne a cikin iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi. Ga ma'aikacin da ke aikin lalata makaman, an tsai da miligiram 0.00003 a cikin iskar akwatin nan, na tsawon awa takwas. Ga sauran jama'a da ke zaune kusa, miligiram 0.000001, watau kashi ɗaya cikin miliyan na miligiram guda. An sassauta wa ma'aikaci har sau 30 domin baligi ne mai lafiya, yana tashi daga aiki ya koma gida, likita kuma yana duba jininsa a kai a kai. Jama'ar gari kuwa akwai mai ciki da mai goyo a cikinsu, kuma dare da rana suke shaƙar iskar.

Gaskiya ita ce dikulobos bai kama ƙafar sarin a ƙarfi ba, kuma ba daidai ba ne a firgita jama'a da cewa makamin yaƙi ake sayarwa a bakin titi. Dokar ma'aikata ta Amurka ta yarda da miligiram 1 na dikulobos a cikin iskar akwatin nan na tsawon awa takwas, wanda ya ninka iyakar sarin fiye da sau 30,000. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi a rukunin magungunan ƙwari masu haɗari ƙwarai. Haɗarinsa a ƙasar nan yana ga yadda ake zuba shi da murfin kwalba, da ƙiyasin ido, cikin abinci da ɗakin kwana, alhali kuwa sarin ba a taɓa kusantarta sai da na'urar awo da rigar kariya da likita a tsaye.

Lissafin ɗakin kwana ya isa misali. Lamba 1000 da ke rubuce a jikin kwalbar Sniper tana nufin akwai giram 1,000 na dikulobos a kowace lita, watau miligiram 1,000 a kowace mililita. Ƙaramin cokalin shayi yana cin mililita 5, ke nan miligiram 5,000. Ɗakin haya mai mita uku ta kowace fuska yana ɗauke da iskar akwati 27, saboda haka miligiram 27 sun isa su kai iskarsa ga iyakar da aka yanka wa ƙaton ma'aikaci. Ko da kashi ɗaya cikin ɗari na cokalin nan ne kawai ya tashi ya bi iska, an riga an wuce iyakar kusan ninki biyu. A irin wannan ɗaki ne maigadi ko ɗan dako ko ɗan acaba yakan yayyafa maganin da magariba, ya rufe taga saboda sauro, ya shimfiɗa tabarma, wani lokaci su biyar ko shida, wani lokaci da mata da yara. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya da yakan tashi da su da safe, sai ya ɗora wa zazzaɓi ko gajiya.

Lissafin abinci ma haka yake. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ya tsai da cewa abin da mutum zai iya ci kullum na dikulobos tsawon rayuwarsa ba tare da fargaba ba shi ne miligiram 0.004 ga kowane kilo na nauyin jikinsa. Mai nauyin kilo 60 rabonsa miligiram 0.24 ke nan a yini. Yaro mai kilo 15 rabonsa miligiram 0.06.

Cikin Yuni, 2015, Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya, bayan da masu awo a tashoshinta suka yi ta samun dikulobos a cikinsa tun daga 2013. Iyakarsu miligiram 0.01 ce a kilon wake, domin ba a yarda da amfani da maganin a gonakinsu ba sam. Abin da suka samu a waken Nijeriya ya kama daga miligiram 0.03 har zuwa 4.6, watau mafi munin ya ninka iyakar sau 460. An tsawaita dakatarwar a 2016, aka sake tsawaita ta a 2019. Wake mai miligiram 4.6 a kilo, giram 52 kawai na ɗanyensa, abin da bai wuce cikin tafin hannu ba, ya cinye rabon babban mutum na yini. Yaro kuwa giram 13, kimanin babban cokali guda. Lalle shanya a rana da wanki da dafuwa suna rage dikulobos ƙwarai, kuma wuce iyakar nan rana ɗaya ba ya nufin mutuwa, tun da iyaka ce ta cin yau da gobe. Amma mai ƙosai ba ta da hanyar sanin nawa aka zuba balle ta san nawa ya saura. Abin da ya fi damuwa shi ne, waken da aka tsare a Turai shi ne wanda aka zaɓa aka tankaɗe domin fita waje. Wanda ya rage a gida ana auna shi da mudu ba a san abin da ke cikinsa ba.

Jihar Neja ta riga ta ɗanɗana abin da rashin awo ke jawowa, ko da yake wata guba ce dabam. Cikin Mayu, 2015, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ba da sanarwar mutuwar yara 28 'yan ƙasa da shekara biyar a Ƙaramar Hukumar Rafi, a yankin Shikira da Magiro da Kawo, saboda gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Da aka auna jinin yaran sai aka tarar dalmar ta ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita sau 17 zuwa 22. Shekara biyar kafin wannan, a 2010, irin wannan masifa ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara. Iyakar tana nan a rubuce cikin littattafai tun da daɗewa, gemun maƙwabci kuma ya riga ya kama da wuta kowa yana gani, amma ba a kai na'urar awo Rafi ba sai da aka fara haƙa kaburbura. Iyakar da ba a auna ta a jikin mutane da abincinsu ba ta taɓa ceton kowa ba.

Ba a ce hukuma ta yi shiru ɗungurungum ba. Cikin Nuwamba, 2018, bayan da hoton bidiyo na waɗansu 'yan kasuwa masu zuba wa wake Sniper ya bazu, Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta ja kunnen jama'a. A 2019 kuma, bayan yawaitar matasa masu shan maganin domin hallaka kansu, hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa masu cin mililita 100 ko ƙasa da haka a kasuwanni da kantuna. Mataki ne mai kyau. Sai dai fiya-fiya da ake ɗurawa a bayan gida cikin kwalaben da ba su da takarda, ba suna, ba adadi, ba ta jiran iznin kowa, kuma hana sayar da ƙaramar kwalba bai gaya wa mai sito abin da zai yi da ƙwaron wakensa ba.

Saboda haka wajibi ne Gwamnatin Jihar Neja ta kafa ɗakin awon guba a cikin abinci a garin Minna. Ba daga tushe za ta fara ba, domin Jami'ar Fasaha ta Tarayya tana nan a Minna tun 1983 da masana haɗa magunguna, Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa kuma tana Badeggi kusa da Bida. A riƙa ɗibar wake da masara daga manyan kasuwanni lokacin kaka, a sake ɗiba da bazara sa'ad da ake fito da kayan ajiya, a auna, a karanta sakamakon a gidan rediyon jiha da Hausa da Nufanci da Gwaranci. Motar da kayanta suka tsallake awo a ba ta takardar shaida ta riƙe har Ikko. Wannan takarda za ta ƙara wa waken Neja daraja a kasuwa, ta kuma zama garkuwa ga mai gaskiya ranar da aka yi zargi.

Ma'aikatar Lafiya ta jiha ita ma tana da nata. Maganin farko na wannan guba, ko ta yaƙi ko ta gona, allura ce mai suna atirofin, kuma ba ta da tsada. Bai kamata a rasa ta a manyan asibitocin Minna da Bida da Suleja da Kwantagora ba, ko a asibitocin karkara inda ake feshin gona da damina. A buɗe littafi a kowane asibiti a riƙa rubuta duk wanda aka kawo da alamun gubar ƙwari, da garinsu da sana'arsa, domin hukumar da ba ta ƙidaya majinyata ba za ta san girman cutar ba. Samarin da suka mai da feshi sana'a, suna goye da famfo a baya ba safar hannu ba abin rufe hanci, a riƙa auna jininsu kafin damina da tsakiyarta. A waɗansu jihohin Amurka doka ce a janye mai feshi daga aiki da zarar sinadarin nan mai shara ya ragu da kashi 30 cikin ɗari a jajayen ƙwayoyin jininsa, tun kafin ya ji ciwo.

Gwamnatin Tarayya tana da ofishi na musamman ƙarƙashin Sakataren Gwamnati mai kula da yarjejeniyar makamai masu guba. Yarjejeniyar nan ta tanadi horo da taimako ga ƙasashen da suka shige ta, a kan kariya da agajin gaggawa da amfani da ilmin sinadarai ta hanyar lumana. Likitan da aka koya wa jinyar wanda sarin ta taɓa ya riga ya iya jinyar wanda ya sha fiya-fiya. Ya kamata ilmin nan ya fito daga ɗakunan taro na Abuja ya iso ga malaman asibiti da malaman gona da duba-gari na jihohi. NAFDAC kuma ta tilasta wa kamfanoni su rubuta gargaɗi a jikin kwalba da Hausar boko da ajami da sauran manyan harsuna, tare da zane ga wanda ba ya karatu.

Amma babban aikin yana hannun 'yan kasuwa su da kansu, domin akwai hanyar ajiya wadda ba ta bukatar guba ko ɗigo. Buhun nan mai gida uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙira tare da masana na Kamaru, aka kuma fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. In aka shanya wake ya bushe sarai, aka ɗaure kowane gida dabam, iska ba ta shiga, ƙwaron ya cinye 'yar wadda ke ciki ya mutu. Ana yin buhun a Kano, ana kuma iya amfani da shi fiye da kaka ɗaya in bai huje ba. Ganga ko jarka mai murfin da ke toshe iska, in aka cika ta fal, ita ma haka take yi. Kuɗin buhun ya fi na kwalbar fiya-fiya, amma bai kai kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti ba.

Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan hatsi a Ikko da Badun da Shagamu da Anaca da Inugu da Fatakwal suna da ikon da duba-gari ba shi da shi. In suka haɗa baki suka gaya wa dillalansu na Minna da Kwantagora cewa ba za su karɓi buhun da ke warin magani ba, kuma duk wanda aka kama yana yayyafa wa kayan abinci guba za a ɗauke shi a matsayin mai algus a kore shi daga rumfa, al'adar ba za ta kai kaka biyu ba. Wannan kariya ce ga kansu. Baƙo a garin wani da amana yake cin abinci, kuma wake ɗaya shi ke ɓata gari. Waɗanda suka ga yadda 'yar taƙaddama tsakanin mutum biyu ta zama wutar da ta cinye kasuwar Shasha a Badun cikin Fabrairu, 2021, ba sa bukatar a gaya musu abin da zai biyo baya ranar da iyali guda suka mutu bayan cin wake, aka ce daga rumfar Bahaushe aka sayo shi.

Kowane magidanci kuma ya san abin yi kafin a kai ga likita. Wanda maganin ya buge, a fitar da shi sarari, a tuɓe masa tufafin da suka jiƙe, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, mai wankin ya kare hannunsa. Kada a tilasta masa amai, kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba, domin ba sa karya gubar, kuma suna iya faɗawa huhunsa. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar, domin likita ya san abin da yake yaƙa. Kada a ajiye maganin a ƙarƙashin gado ko cikin kwalbar lemo inda yaro zai ɗauka abin sha ne. Ga sauro akwai gidan sauro, ga kuɗin cizo akwai ruwan zafi da shanya a rana. Waken da ke warin magani kuwa a bar wa mai shi kayansa, kome arharsa.

Ƙasashen duniya sun shafe shekara 26, daga 1997 zuwa 2023, suna kashe maƙudan kuɗi domin raba kansu da manyan wannan gida, suna auna iska har zuwa kashi ɗaya cikin miliyan na miligiram saboda lafiyar maƙwabtan wuraren aikin. Yaron da ke cin ƙosai a Tunga ta Minna ko a Idi-Araba ta Ikko ransa bai fi nasu arha ba. Kaka mai zuwa ba ta da nisa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Gwamnatin Jihar Neja da shugabannin kasuwa su zauna tun yanzu, kafin motocin farko su kama hanyar Jebba.